Bazabarmen da Ya Koya Mana Ɗaurin Buhu

A kakar da wake ya yi kyau har muka rasa inda za mu zuba shi, jami'a ta aiko mana ɗalibi. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman garinmu, wani ƙauye tsakanin Dogarawa da Malbaza. Ba don wani abu aka ba ni sakataren ba sai don na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida. Jarrabawar shiga kwaleji ta kayar da ni, na dawo gona. Amma ina karanta takarda, ina sa hannu, kuma in baƙo ya zo da Faransanci ni ke tare shi kafin a kai shi gaban manya.

Malamar da ke kula da ɗaliban ce ta fara zuwa, tun ana roron wake. Ta zauna da mu a rumfar ƙungiya ta yi mana bayani. Ta ce yanzu ɗan shekarar ƙarshe ba ya samun takardarsa da rubutu kawai. Sai an tura shi cikin mutane ya yi aiki tare da su, aikin da su da kansu suka ce suna so. In lokaci ya yi malamai za su zo, kuma ba shi za su yi wa tambaya ba, mu za su yi wa. Abin da hannunmu ya iya shi ne makinsa. In mun iya ya ci, in ba mu iya ba ya faɗi.

Shugaban ƙungiyarmu tsoho ne, da kunne ɗaya yake ji. Ya karkato kunnen ya ce, "Wato mu za a yi ma jarrabawa, shi a ba shi takarda?"

Ta ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "To, Allah shi kyauta."

Da ta tambayi abin da ya fi damun mu, babu wanda ya yi gardama. Ƙwaro ne. Ka zuba wake a buhu da kaka, kafin zafi ya shigo ya koma gari da ɓawo. Ko dai ka sayar da shi da wuri lokacin da ba shi da daraja, ko ka jefa masa ƙwayar gubar nan ta kasuwar Konni, wadda in ka buɗe ɗakin sai kanka ya sara. Ta ce tana da ɗalibin da ya dace da mu.

Ni na je bakin kwalta na ɗauko shi a babur. Dogo ne, siriri, da jaka ɗaya a baya. Yana buɗe baki ya gaishe ni na ji Hausar ta karkace. Na ce, "Kai, daga ina?"

Ya ce daga bakin kogi, can yamma.

Na ce, "Bazabarme?"

Ya dubi zanen da ke kumatuna, ya yi murmushi. "Kai kuma Bagobiri. Lalle na zo gidan bayina."

Garinmu kusan duk Gobirawa ne, kuma tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasan taubasai tun kakanni. Ka zage shi, ya zage ka, ka ce masa bawa, ya ce maka bawa, ka ɗauke masa hula a kasuwa. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a fushi. Wanda ya yi fushi da taubashinsa ya ɗauki kunya, kuma tsofaffi na cewa abin na bin mutum.

Na ce masa, "Hau, bawana. Ashe gwamnati ta tuna da ni, ta aiko min mai ɗiban ruwa."

Ya hau yana cewa, "Tuƙa a hankali. An rubuta maka sunan garinku a kumatu don kada ka ɓata, ni ba a rubuta min ba."

Na yi dariya har babur ya yi tangaɗi. Ranar na so shi, wannan gaskiya ce.

Aikinsa ba mai wuya ba ne a ido. Buhu uku ne, ɗaya cikin ɗaya: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka shanya wake ya bushe ƙayau. Ka duba ledar ko ta huje. Ka zuba, ka girgiza, ka danne har iska ta fita. Sa'an nan ka murɗe bakin ledar ciki ka lanƙwasa ka ɗaure ta ita kaɗai, ka ɗaure ta biyu ita kaɗai, ka ɗaure na waje. Ƙwaron da ke ciki ya rasa iska ya mutu. Babu guba, babu komai. Amma in ka haɗa ukun ka ɗaure tare, kamar yadda hannunmu ya saba da buhun hatsi, ka yi aikin banza.

Ya bi gida gida. Bai tara mutane ya yi musu wa'azi ba. Zama yake yi a tsakar gida ya miƙa wa mutum igiya, ya ce ɗaure in gani, ya kwance, ya ce sake. Mata sun fi saurin kamawa. Cikinsu akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu, muna ce mata Inna, ita ta fi kowa. In ta murɗe bakin leda sai ka ji ta yi ƙara. Yakan ce mata "kai" maimakon "ke", ita kuma ta ce, "Wanga yaro har yau bai san mace da namiji ba, wa za ya ba shi ɗiya?" Sai ta zuba masa fura.

Ban san ranar da abin ya fara ci na ba. Na dai lura mutane sun daina kawo min waya in karanta musu saƙo. Wanda ya sayo magani a Malbaza ba ya zuwa wurina in duba masa yadda ake sha. Duk sun koma ɗakin baƙo. Wata rana na karanta wa shugaba wata takarda daga buro, wato ofishin gwamnati, sai ya ce, "Kira mushe shi ƙara dubawa." Mushe, wato malam. Yaron da na girme shi nesa ba kusa ba. Ya zo ya karanta, abin da na faɗa shi ya faɗa, har ya ce, "Sakatare ya karanta daidai." Wannan shaidar tasa ta fi min ciwo a kan a ce na yi kuskure.

Daga nan wasana ya sauya, ko da yake kalmomin ba su sauya ba. Ni na san sun yi nauyi. In an kawo tuwo sai in ce bawa ba ya ci da iyayen gidansa, in tura masa kwanon bayan mun cinye rabi. Na mayar da shi ɗakin da ke jikin garken awaki, na ce can ne wurin danginsa. In yana tsakar koya wa wani sai in zo in tsaya ina kwaikwayon Hausarsa har mai koyon ya saki igiya don dariya. Shi kuma ba shi da abin yi sai ramawa da baki. Yana ramawa, yana da kaifi, amma shi ɗaya ne, mu gari guda.

Da muka je Konni sayen buhuna, na ɗora masa ƙunshin a kai, na kama hannun rigarsa na ja shi cikin tasha ina shela: "Ga Bazabarme na sayarwa! Yana da ilimi, ba ya da ƙarfi! Ganye kawai yake ci!" 'Yan kabu-kabu suka taru suna tayi. Wani ya ce a buɗe bakinsa a ga haƙora, na kuwa kama haɓarsa. Ya yi dariya tare da su. Amma da muka hau mota na ga yana goge haɓar da gefen riga, a hankali, yana kallon waje har muka sauka.

Da sanyi ya fara ja baya, Malama ta aiko da ranar zuwansu. Ana gobe za su zo, da la'asar, ya same ni ina gyaran shingen gida. Ya kama min ƙarshen kara muka yi aikin tare. Can ya ce, "Baba, ina son magana da kai. Ba ta wasa ba."

Bai taɓa ce min Baba ba sai ranar.

Ya ce ya taɓa maimaita aji, shekarar da mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya. In ya sake faɗuwa za a yanke masa tallafin karatu, kuma gidansu ba mai iya riƙe shi a jami'a. Mahaifinsa ya tsufa, shinkafa kaɗan yake nomawa a bakin ruwa. Ya ce, "Mutanenka sun iya, na sani. Abu ɗaya nake roƙo. Gobe a ajiye wasa, daga safe zuwa azahar kawai. Bayan sun tafi ka sayar da ni a duk kasuwar da kake so."

Na ce, "Kwantar da hankalinka. Mu ba yara ba ne."

Da na faɗa, da gaske nake. Ban tashi da niyyar komai ba. Na sa babbar rigata, na share rumfa, na shimfiɗa tabarmi da hannuna.

Da hantsi suka iso, Malama da wani abokin aikinta mai gilashi wanda bai cika magana ba, rubutu kawai yake yi. Gari ya taru, maza a gaba, mata a gefe. Aka fara da buhunan da aka ɗaure tun kaka. Malama ta nuna ɗaya da kanta, aka jawo, aka kwance. Ta tura hannu har gwiwar hannu ta ɗebo. Wake fari tas, kamar jiya aka sussuke shi. Aka kwance buhun da aka bari irin na da don a gwada, ƙwari suka yi ta fitowa, gari na zuba.

Sai Inna ta rangaɗa guɗa. Sauran mata suka kama. Shugaba ya miƙe da sandarsa ya dafa kan yaron ya ce, "Tun da nike ban ga wanda ya amfane mu kamar wanga ba."

Ina tsaye a gefensa riƙe da igiyoyi. Shekara da shekaru ina bin buro buro da takardun ƙungiyar nan, ina cin rana a Malbaza da Konni, ba wanda ya taɓa dafa kaina.

Malama ta ce, "Madalla. Wannan rabi ne. Yanzu saura ku. Ga buhu, ga wake, ga igiya. Ina son in ga abin da ya koya muku. Sakatare, ko za ka fara?"

Na fito tsakar fili. Na ɗaga buhun, na juya shi, na leƙa cikinsa. Na dubi jama'a. Na ce da ƙarfi, "Malama, mi kika ce? Abin da *ya koya muna*? Bazabarme ya koya ma Bagobiri? A gaban matanmu za mu amsa wanga?"

Dariya ta tashi kamar an buɗe dam. Na ji ta a ƙirjina, ta yi min daɗi.

Na zuba wake, na tattara bakin buhu uku na ɗaure su tare, ɗaurin hatsi. Na ce, "Ga shi. Haka kakana ya ɗaure, haka kakan wanga ya ɗauka a kai."

Wanda bai san mu ba zai ce ai sai na biyu ya fito ya yi daidai. Amma na riga na sa abin a kan wata hanya. Bayan maganata, duk Bagobirin da ya fito ya ɗaure yadda aka koya masa ya amsa ke nan a bainar jama'a cewa bawansa ya zama malaminsa, kuma da wannan za a tsokane shi har ya mutu. Ba wanda ya yi shawara da wani. Kowa ya san abin da ya rage masa: ya fi ni ban dariya.

Na biyu ya sa buhun saƙa a ciki, leda a waje. Na uku ya kafa baki yana hura wa ledar iska har ta kumbura, ya ce mushe ya ce ƙwaro na son numfashi. Wani ya tambaya ko ta ƙasa ake zuba waken. Mutanen nan duk na ga sun ɗaure daidai a gidajensu, wasu ma ni na riƙe musu bakin buhu.

Malama ta yi dariya da farko, har ta rufe baki da gyale. Ta ce, "To, na gani. Ni ma ina da taubasai, na san daɗin abin. An yi wasa, a koma aiki."

Duk idanu suka juyo kaina. A garinmu wanda ya buɗe wasa shi ke rufe shi. Kalma ɗaya ta isa. In ce, to jama'a, ya isa, a nuna ma baƙi. Na dubi yaron. Yana tsaye, yana murmushin dole. Ya ɗan girgiza min kai, ya haɗa tafin hannuwansa a ƙasa inda ba kowa zai gani ba.

Na ce, "Malama, aikin ke nan muke yi. Iyakar abin da muka samu ke nan."

Mai gilashi ya yi rubutu.

Malama ta daina dariya. Ta ce, "Jama'a, ku ji ni da kyau. Ba zan iya ba da maki a kan abin da ban gani ba. Ko mutum ɗaya ne, ya fito ya ɗaure."

Sai Inna ta tashi. Ta gyara zane, ta ratso maza, ta durƙusa gaban buhu. Ta ɗaga ledar ta duba ta a rana. Ta zuba wake, ta girgiza, ta danne da gwiwa. Ta kama bakin ledar ciki ta fara murɗawa. Kowa ya zuba mata ido. Na ga yaron ya sauke numfashi.

Na ce, "Af! Ashe furar nan ba a banza ake dama ta ba. Jama'a, a shirya, Inna ta samu miji. Bazabarme za ya gaji ɗakin marigayi."

Wannan ba wasan taubasai ba ne. Ita ba taubashiyata ba ce, uwa ce, sa'ar mahaifiyata. Amma an riga an saki baki, dariyar ta zo kafin kowa ya yi tunani. Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba. Ta saki ledar ta warware, ta ajiye igiyar a kan wake, ta ja gyale ta rufe fuska, ta fita daga filin gaba ɗaya.

A nan ya fashe. Ya yi tsalle ya zo gabana, ya fizge igiyoyin daga hannuna har na yi taga-taga. Ya fara da Faransanci, ya koma Hausa. Ya ce, "Mugu! Kai mugu ne! Jiya mi ka ce min? Jahili, wanda aji shida ta kayar! Ku duka jahilai ne, ƙwaro ya fi ku hankali! Ku ci gubarku ku mutu!"

Shugaba ya ɗaga sanda yana cewa, "Yaro, yaro," shi kuwa ya kaɗe sandar ba tare da ya duba ko ta wa ce ba. Ta faɗi ƙasa.

Ba wanda ya yi motsi. Tsohon ya sunkuya da kansa ya ɗauki sandarsa, ya kakkaɓe ta. Ya ce a hankali, "Ya yi hushi."

Maganar ta bi layi, daga maza zuwa mata. Ya yi hushi. Bazabarme ya yi hushi da Gobirawa. Mutane suka fara tashi suna naɗe tabarmi. Wanda suka yi wa guɗa ɗazu, yanzu ba mai son haɗa ido da shi. Ni kuwa na tsaya da fuskar wanda aka zalunta, har wani ya dafa ni yana ba ni haƙuri.

Kafin su shiga mota Malama ta kira ni gefe. Ta ce zama da mutane ma yana cikin abin da ake aunawa, kuma abin da abokin aikinta ya gani ya gani. Amma za ta roƙa a ba shi dama ya dawo a sake gwajin kafin a rufe shekara, in ƙungiya ta yarda ta karɓe shi. Ta ce, "Ba shi da wani gari sai naku. Ku ya koya wa." Ta dube ni ta daɗe. Ina jin ta gane wani abu. Suka tafi da shi a motar.

Ranar Juma'ar da ta biyo ya dawo, da ƙunshin goro a hannu. Wani ya gaya masa yadda ake yi. Bayan an sauko daga masallaci ya zo ƙofar gidan shugaba inda muke zaune, ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna. Ya ba tsohon haƙuri, tsohon ya ce, "Ni ba ni ka zaga ba. Ga wanda ka zaga."

Ya ja jiki ya tsuguna gabana. Ya ajiye goron a ƙafafuna. Ya ce, "Baba, na yi kuskure. Ka yafe min."

Na kwance ƙunshin, na zaɓi babba, na ɓare, na sa a baki. Na bar shi a tsugune ina taunawa. Na ce, "To faɗi, wane ne kai?"

Ya ce, "Ni bawanka ne."

Da can in na ce masa haka sai ya ce uban wa, ya jero min zagi uku. Wannan karon ya faɗa a miƙe, idonsa a ƙasa. Wasu suka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Na ce na yafe. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Ya wuce gidan Inna, amma ta aiko a ce masa ba ta jin daɗin jiki. Tun ranar gwajin ba ta sake fitowa taro ba. Ya bi motar yamma.

Da aka zauna a kan maganar dawowarsa, ba a daɗe ba. Shugaba ya ce yaro ya ba da haƙuri, shi ba ya da ja. Sauran suka ce duk yadda sakatare ya gani, tunda shi aka ɓata wa. Kuma wayar ƙungiya a hannuna take, don tsohon ba ya jin magana a waya.

Ina gona ina tattara kara Malama ta kira. Ta ce an amince, an ba shi dama ɗaya. Yaushe za su zo?

Na san yadda ranar za ta kasance. Kowa zai fito ya ɗaure daidai, ɗaya bayan ɗaya, cikin ɗan lokaci a gama. Sa'an nan kowa ya tambayi kansa abin da ya hana a yi haka tun farko, kuma amsar na tsaye a gabansu da babbar riga. Yanzu laifin na wuyansa. In ya dawo ya ci, laifin zai dawo inda ya fito.

Na ce, "Malama, mun yafe masa, Allah ya sani. Amma zukata ba su kwanta ba. Mata na tsoronsa. Dattijuwar nan ma tun ranar take kwance. Manya sun ce a bari tukuna."

Ta ce, "Sakatare, ka san abin da tukuna ke nufi a wurinsa?"

Na ce, "Ni ɗan aike ne."

Ta ce to, ta gode.

Washegari shi ya kira. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya ce, "Baba, tambaya ɗaya. Matan ne suka ce suna tsorona, ko kai ne?"

Na ce, "Ƙungiya ce."

Ya ce, "Inna ma?"

Na ce, "Ita ce kan gaba."

Na ji numfashinsa a wayar, da ƙarar motoci a bayansa. Ya ce, "To. A gaishe ta. A ce mata ta duba buhun da ke bayan ƙofa, kusa da bango yake, ɓera zai huda shi."

Ban isar da saƙon ba, don in na isar sai ta tambaye ni yadda muka yi.

Ga shugaba na ce jami'a ce ta fasa. Ya ce, "Ikon Allah," ya juya kunnensa mai ji wajen rediyo.

Da wata kakar ta zagayo Malama ta biyo ta garinmu a kan hanyarta ta zuwa Illela. Ta tarar da mu a rumfa ana ɗaurin wake, kowa na murɗe leda yana lanƙwasawa, ba mai kallon wani. Ta tsaya ta kalla har aka gama buhu biyu. Ba ta zauna ba. Shugaba ya tambaye ta labarin mushe, ko ya samu aiki. Ta ce ya faɗi, an yanke masa tallafi, kuma da aka buɗe sabuwar shekara bai zo ya yi rajista ba. Abokansa sun ce ya bi masu zuwa haƙar zinariya arewa. Tana magana da tsohon, amma ni take kallo.

Tsohon bai ji duka ba. Ya ce, "Mi ta ce?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ta ce yana nan lahiya."